Kada a Hukunta Inna Talatu Don Ta Tare Farantin 'Yata

Zuwa ga Mai Girma Manajan wurin shaƙatawa na yara da ke Dutse,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai tarin yawa da fatan alheri, ina fata kana lafiya, kai da iyali da dukan ma'aikatanka, kuma an yi sallah lafiya. Allah ya maimaita mana.

Ranka ya daɗe, ba ka san ni ba, ni ma ban taɓa sa ka a ido ba. Sunana Ya'u, manomi ne ni a Aujara. Sau biyu ina neman ganinka: ranar da muka zo wurinku aka ce ba ka nan, da na komo kuma aka ce ka yi tafiya. Shi ya sa na rubuta wannan wasiƙa a fili, ko Allah zai sa ta riske ka kafin ka yanke hukunci a kan wata baiwar Allah da ke aiki a ƙarƙashinka. Da gangan na ƙi ambaton sunan wurin, don ba tozarta ku na zo yi ba. Kai da mutanenka za ku gane kanku. Mafi yawan abin da zan faɗa godiya ce, amma akwai kuka a ciki, kuma ba zan ɓoye shi ba.

Bari in fara da abin da ya sa abinci ya zama babbar magana a gidana.

Riɗi muke nomawa tun kakanni. Sai Allah ya ba ni 'ya, Rukayya, wadda jikinta ba ya jituwa da riɗi ko kaɗan. Tana shekara uku kakarta ta gutsura mata kantu a tsakar gida. Ba a jima ba leɓɓanta suka kumbura, borin jini ya fito mata ko'ina, numfashinta ya sarƙe har ana jin fitarsa daga zaure. A kan babur muka kai ta asibiti, mahaifiyarta na rungume da ita a bayana tana kiran sunanta. Bayan an yi mata allura ta dawo hayyacinta, likita ya ce da mun ƙara jinkiri da sai dai wani labari. Ya ce abin ba shi da magani sai kiyayewa: kada ta ci riɗi, kada ta ci mansa, kada ma a zuba mata abinci da cokalin da ya taɓa shi. Ya rubuta mana takarda ya ce mu riƙa yawo da ita.

Tun daga ranar riɗi bai ƙara shiga gidana ba. A gidan wana nake ajiye buhuna, kuma lokacin kakkaɓa a can nake wanka in sake tufafi kafin in nufi gida. Yau Rukayya shekararta tara, ba ta taɓa cin abincin biki ko na suna ba. Duk inda za a je da ita, da kularta ake tafiya. Mun sha magana iri-iri. Wasu sun ce iyayi ne, wasu sun ce sangarta, wasu kuma suka ce iska ce, a yi mata turare. Mun saba, ba ma ko mayar da martani.

A bana ta haddace izu biyar a Islamiyya. Na ce ta faɗi abin da take so, sai ta ce lilon Dutse, wanda ta gani a wayar 'yar wana. Kwana uku bayan ƙaramar sallah muka hau motar haya, ni da ita da mahaifiyarta, daga tasha kuma adaidaita ta sauke mu a ƙofarku. Ga abin da ya faru, daki-daki.

Na ɗaya, a bakin ƙofa. Maigadinku ya ce ba a shiga da abinci. Na yi masa bayani, na fito da takardar likita. Ya juya ta ya maido mini, ya ce doka ce daga sama, kuma babu wanda zai kira ya tambaya. Na ce to idan yunwa ta kama yarinyar mu fito ta ci mu koma? Ya ce wanda ya fita tikitinsa ya mutu. Ba zan zalunce shi ba, bai yi mini rashin kunya ba, har haƙuri ya ba ni. Amma haka muka bar kular a kan benci cikin rana, muka shiga da yarinyar da ba mu san abin da za ta ci ba. Wannan shi ne kukana na farko, kuma dokar nake zargi, ba maigadin ba.

Na biyu, godiya. Wurinku tsaf yake, akwai inuwa, akwai ruwan alwala da wajen sallah na mata daban. Rukayya ta hau lilo har sau huɗu, ta hau dokin nan mai juyawa, ta shiga ƙaramin jirgin ƙasa tana ɗaga wa mahaifiyarta hannu a duk zagaye. Ban taɓa jin ta yi dariya irin ta ranar ba. Allah ya saka wa wanda ya yi tunanin kafa wannan wuri da alheri.

Na uku, a wurin cin abinci. Bayan azahar yunwa ta kama ta, amma ta ƙi yarda mu fita don ba ta gama hawa ba. Na shiga layi. Da na isa gaban yarinyar da ke zuba abinci, na tambaye ta ko akwai riɗi a cikin shinkafar ko kazar. Ta dubi tiren, ta dube ni, ta yi dariya ta ce, "Baba, ka ga riɗi a nan?" Na ce don Allah ta leƙa kicin ta tambayo. Ta ce ba ta da lokaci, mutane na jira, kuma ita dai ta san babu. Wani a bayana ya ce idan ba zan saya ba in ba mutane wuri.

A nan nawa laifin yake, kuma gara in faɗe shi da bakina. Mahaifiyar Rukayya ta ja mini hannun riga, ta girgiza kai. Ni kuwa kunyar mutane ta kama ni, ga Rukayya tana kallon sa'anninta suna ci. Na duba farantin ban ga ko ƙwaya ɗaya ba, sai na karɓa. Shekara shida ina kiyayewa, ranar na saki.

Na huɗu, kuma saboda shi na ɗauki alƙalami. Rukayya ta wanke hannu, ta zauna, ta yi bismillah, ta yago tsokar kaza. Ba ta kai baki ba sai ga wata dattijuwa ta fito daga kicin da sauri, ko takalmi ɗaya babu a ƙafarta. Ta kama wuyan hannun yarinyar ta ce, "Ajiye, jikata, ajiye." Sannan ta juyo wurina ta ce, "Malam, ta taga na ji maganarka. Yajin da ke jikin kazar nan ni na daka shi da hannuna, kuma da soyayyen riɗi nake haɗa shi don ƙamshi. Ido ba zai gan shi ba."

Ranka ya daɗe, matata a ƙasa ta zauna. Ni kuwa na tsaya kamar an dasa ni. Ban san hanyar asibiti a Dutse ba, ba ni da abin hawa, ga titi cike da masu yawon sallah. Allah kaɗai ya san yadda ranar za ta ƙare da loma ɗaya ta wuce.

Wannan dattijuwa ita ce mai dafa muku abinci, wadda na ji ma'aikata na kira Inna Talatu. Ba ta tsaya nan ba. Da kanta ta kai Rukayya bakin famfo ta wanke mata hannu da sabulu sau biyu. Sannan ta ce wa matata ta biyo ta kicin ta gani da idonta. A gabanta ta wanke tukunya da kasko da ludayi, ta ajiye man da ake suya da shi gefe ta buɗe sabon galan. Ta dafa farar shinkafa, ta soya ƙwai da albasa da tumatir, gishiri kawai ta sa. Ko dunƙulen ɗanɗano ba ta jefa ba, ta ce ba ta san abin da aka haɗa shi da shi ba, abin da ba ta sani ba kuwa ba za ta ba yarinyar ba.

Da ta kawo, na tambaye ta ko ta san wannan ciwo ne. Ta ce, "Wallahi ban taɓa jin sa ba sai yau. Amma bakwai na haifa, na san fuskar uwa idan tsoro take ji."

Rukayya ta ci. A hankali ta ci, tana waige-waige, a kan tebur, cikin mutane, kamar kowane yaro. Muka zauna muna kallon leɓɓanta har aka kira la'asar, babu abin da ya same ta. Ta raɗa wa mahaifiyarta, "Umma, ni ma yau na ci abincin waje." Wanda bai taɓa hana ɗansa abin da sauran yara ke ci ba, ba lallai ya gane nauyin wannan magana ba.

Na biyar, kukana na biyu, wanda ya fi na farko ciwo. Saboda hidimarmu layi ya ɗan tsaya. Sai ga wani jami'inku mai kati rataye a wuya, ya shiga yi wa Inna Talatu faɗa a gaban jama'a: ta shigar da baƙuwa kicin, ta buɗe sabon mai ba izini, ta tsayar da ciniki. Matar da ta isa haihuwarsa, sai ta sunkuyar da kai. Na matsa in yi bayani, ya ce wannan maganar cikin gida ce, ba ruwana. Bayan kwana huɗu na komo Dutse da zabbi biyu in yi mata godiya. Maigadin nan ne ya gaya mini an ce ta zauna a gida sai ka dawo ka yanke hukunci. Bai san gidanta ba, abin da ya sani kawai 'yar Ringim ce. Haka na koma Aujara da zabbina, zuciyata ba daɗi.

Saboda haka ga roƙona.

Babbansu shi ne ka mayar da Inna Talatu bakin aikinta, da mutuncinta. Duk abin da aka lissafa a kanta gaskiya ne ta yi, amma a dubi dalilin. Da ta bi ƙa'ida ta yi shiru, da wataƙila yau ba wasiƙar godiya kake karantawa ba. Idan ana bukatar shaida, a shirye nake in zo da matata da takardar likita mu tsaya a gabanka. In ma da hali, a yaba mata a gaban abokan aikinta, a inda aka yi mata faɗa.

Sai dokar ƙofa. Na san ba a banza kuka kafa ta ba, amma a yi mata kafa. Duk wanda ya zo da takardar likita a bar shi ya shiga da kularsa, ko a ba shi damar fita ya ci ya dawo.

Yarinyar da ke zuba abinci kuwa ba na so a taɓa ta. Ba ƙarya ta yi niyya ba, abin da idonta ya gani ta faɗa. A koya mata ita da sauran cewa "ban sani ba, bari in tambayo" ba abin kunya ba ne. Kuma a kafa allo a rubuta abin da ke cikin kowane abinci, har da yaji da mai, da Hausa, boko da ajami. Ba Rukayya kaɗai ba ce. Likitanmu ya ce akwai wanda ƙwai ke yi wa haka, akwai na kifi, akwai na gyaɗa ko madara. Da yawa iyayensu shiru suke yi don sun gaji da dariya.

Na ƙarshe, ma'aikatanku su san asibiti mafi kusa, kuma a ranakun cunkoso a ajiye abin hawa a bakin ƙofa. Wurin da yara ke taruwa haka bai kamata ya rasa wannan ba.

Jiya Rukayya ta tambaye ni ko za mu koma da babbar sallah. Na ce mata ban sani ba tukuna, sai na ji ko Inna Talatu na kicin. Amsar da zan ba ta a wurinka take.

Allah ya ƙara maka lafiya da basira, ya albarkaci wurinku, ya tsare duk yaron da ya shiga ƙofarku har ya koma gida lafiya. Inna Talatu kuwa, idan wani ya karanta miki wannan, Allah ya tsare miki naki bakwai ɗin da jikokinki kamar yadda kika tsare mini tawa, ya sa ki gama da duniya lafiya.

Wassalam.

Naka mai godiya,
Malam Ya'u, mahaifin Rukayya,
Aujara.