Karen Ɗana da Tsohuwar Hanyar 'Yan Dako

Didi mai filin shawara,

Ki taimake ni, na roƙe ki. Kaina ya kulle, kuma abin mamaki farin ciki ne ya kawo ni nan. Ki yi haƙuri da rubutuna. Sai da na aurar da 'yata ta fari sannan na shiga ajin yaƙi da jahilci na matan unguwarmu, har yanzu in na riƙe alƙalami hannuna gumi yake yi. Amma ban ba kowa ya rubuta mini ba, domin maganar ɗana ce.

Zan kira shi Khem, ko da yake ba sunansa ba ne. Shi ne autana. Ya tafi aikin gini ƙasar waje kamar sauran samarin Pokhara, ya faɗo daga saman bene, aka dawo mini da shi da ƙarfe a cinya. Ƙashi ya haɗe, likita ya ce ya riƙa tafiya. Bai yi ba. Ya shige ɗaki ya saki labule, damina ta zo ta wuce yana kallon bango. In na kai masa shinkafa da romon wake, sai in dawo in ɗauki kwanon yadda na ajiye shi. Abokansa suka gaji da zuwa. Ya ce ba zai fita yana ɗingishi ana tambayarsa me ya kawo daga waje ba.

Ana nan sai wani ɗan kwikwiyo ya fake a ƙarƙashin matakalarmu, duk ƙuraje, ga wari. Na ɗauko tsintsiya zan kore shi, sai na ji muryar Khem ta taga: "Ama, bar shi." Ama, haka muke kiran uwa a nan. Didi, maganar farko ke nan da ya yi mini ba tare da na tambaye shi ba. Na ajiye tsintsiyar. Ya sa masa suna Gundruk, sunan ganyen miyar da nake tsimawa a tulu, wai warinsu ɗaya. Ban ji zafi ba. Wanda ya iya tsokanar uwarsa da sauran ransa.

Kare ya girma, tsakar gidanmu kuwa ba ta fi shimfiɗar tabarma biyu ba. Ya tauna takalman maƙwabta, ya yini yana kuka a bakin ƙofa. Khem ya ce zai fita da shi in akwai inda ba za a zuba masa ido ba. Na ce ni zan nemo.

Na fara da wani lambun shaƙatawa a bakin tafki. Da a da ne, da na shige kaina tsaye. Amma yanzu na iya karatu, ga allo a ƙofa, na haɗa baƙaƙen ɗaya bayan ɗaya: ba a shiga da kare. Ranar har na ce ina ma ban je aji ba. Na je wani lambun, nan ma allo. Na uku babu allo, sai na lallaɓa Khem muka je da safe. Mai gadi ya tare mu da sanda.

"Ama, ina za ki da wannan sarkin ƙuma? Nan wurin mutane ne."

Na ce, "Ƙanena, ba kai na gani ranar karnuka a bikin Tihar ba, kana rataya wa karen bakin titi furanni a wuya, kana shafa masa ja a goshi, har da ba shi dafaffen ƙwai?"

Ya ce, "Ai wannan rana ɗaya ce a shekara. Ki dawo da shi ranar, ni da kaina zan durƙusa masa."

Masu motsa jiki suka fashe da dariya. Ba Khem suke yi wa ba, amma shi haka ya ɗauka. Ya juya ya ja ƙafarsa har gida, labule ya sake sauka.

Bayan kwana biyu na je ƙarshen gari sayen madarar ɓaunar gida, gwiwa ta matsa mini, na zauna a kan wata tsohuwar cautara, dakalin dutsen nan da kakanni suke ginawa a gindin itace don masu kaya su huta. Ban san lokacin da na jingina bayana da matakin da ake ɗora kwando ba, jikina ne ya tuna. Ni 'yar dako ce, Didi. Tun ina yarinya nake hawa da gishiri da kananzir zuwa ƙauyenmu, igiyar kwando a goshi. Kuma duk wanda ya yi dako ya san ba a gina cautara ita kaɗai. In ka ga ɗaya, 'yar'uwarta tana gaba, daidai inda numfashin mai kaya zai ƙare, tsakaninsu kuma dole akwai hanya. Na leƙa bayan itacen, sai ga matakalar dutse ta shige cikin ciyawa. Tun da aka yi titin mota aka manta da ita. Ba ƙofa, ba allo, ba mai gadi.

Na tamke zanena na hau, na sami ta biyu. Washegari na koma da lauje na sare ƙaya, na sami ta uku kusa da wani idon ruwa, gonakin tamba a ƙasa, tafkin can nesa kamar faranti.

Ban roƙi Khem ba, na gaji da roƙo. Karen na ja na kai. Ya dawo jiƙe, duk laka, ya miƙe ya yi barci har da minshari. Khem ya dube shi ya dube ni, ya ce, "Ama, ina kika kai mini kare?" Na ce, "Inda gurgu ba ya zuwa." Da gangan na faɗa, don in zuga shi. Da gari ya waye na same shi a bakin ƙofa ya ɗaure takalmi.

Ranar farko da kyar ya kai cautara ta biyu. Abin da ya cece mu, magabata sun auna hanyar ne da ƙarfin wanda ya gaji. Kafin ƙafa ta gaza, ga wurin zama, kuma a cautara ba mai tambayarka don me ka zauna. Yanzu ya ajiye sanda. Yana cin abinci har yana neman ƙari. Wata malamar asibiti mai farin kare ta gan mu ta biyo mu, ta gaya wa wasu, yanzu ranar Asabar sai ki ga mutane da karnuka jere a kan matakala, Khem a gaba yana nuna hanya. Hanyar Ama suke ce mata. Rannan har mai gadin nan na gani, da ɗan kwikwiyo a hammata. Na ce, "A'a, ƙanena, yau ne bikin?" Ya rufe fuska da hula.

To ga damuwata. Khem ya ce zai bi hanyar har ƙarshenta, can saman tudu inda daji ya yi duhu, shi da Gundruk da mutanen Asabar. Gwiwata ba ta wuce cautara ta uku. A can kuma akwai damisa, kowa ya san ba abin da take so kamar kare. In ta ɗauke Gundruk, labulen nan zai sake sauka, kuma ban sani ba ko zan iya ɗaga shi. Da na gaya masa, dariya ya yi: "Ama, ke kika nemo hanya, yanzu kuma ke ce mai gadi?" In na ce kada ya je, ba zai je ba, na san ɗana. In hana shi? In bi su ko da rarrafe? Ko in ɓoye igiyar karen? Ki faɗa mini gaskiya.

Tsohuwar 'yar dako, Pokhara

Ama,

Rubutunki ba ya neman haƙurin kowa. Kin yi abin da ya gagari likita da abokai, kuma da lauje kika yi shi. Barka.

Tsoronki ba shirme ba ne. Damisa tana nan, tana kuma ɗaukar karnuka. Amma ki auna ɗaya gefen. Ba ƙarfen cinya ne ya kwantar da Khem ba, ganin da ya yi kamar tasa ta ƙare ne. Yau mutane suna bin bayansa. In kika hana shi zai bi maganarki, kamar yadda kika ce, amma abin da zai shiga kunnensa shi ne ko uwarsa ba ta yarda ya warke ba. Wannan haɗarin ya fi damisa kusa da gidanki.

Kada ki hana, kada ki ɓoye igiya. Ki sa sharaɗi, irin na wadda ta san tudu. Su tashi bayan rana ta fito, su juyo tun tana sama, domin damisa ta fi yawo da asuba da almuru. Da sun shiga daji Gundruk ya zauna a gajeriyar igiya, a tsakiyar mutane, karen da ya yi gaba shi kaɗai shi ake ɗauka. Su riƙa hira da ƙarfi, kada su rarrabu. A ƙauyen ƙarshe su tambayi masu awaki inda aka ga sawu kwanan nan, in aka ce kada a bi, su dawo, tudu ba ya gudu. A tabbata an yi wa karen allurar rigakafin hauka. A kiyaye kajin mutane da gonakinsu, kada wata rana ki iske allo a hanyar Ama. Khem kuma ya ji ta bakin likitansa kafin tafiyar, kin san sauka ta fi hawa cin ƙafa.

Ba zan yi miki alkawarin babu abin da zai taɓa samun Gundruk ba. Kare ba ya kai mutum tsawon rai, da damisa ko babu. Shi ya sa tafiyar take da amfani. Duk Asabar ɗanki yana ƙara abin da zai riƙe shi ban da karen: abokai, ƙarfin ƙafa, mutanen da ke jiran ya nuna musu hanya. In kuma wata rana kika ga labule ya fara sauka, kada ki ɗauki abin ke kaɗai. Ki gaya wa malamar asibitin nan, akwai masu duba irin wannan ciwon na damuwa.

Ke kuwa, ki raka su zuwa cautara ta uku ki tsaya. Ki tafi da shayi da wata ƙawa daga ajinku. Kin fi ni sanin abin da aka gina wurin dominsa. Tun ranar da aka sauko da yaron nan daga jirgi kike ɗauke da shi a goshi, kin kawo shi har inda numfashinki ya ƙare. Jingina, ki zare igiyar kwandon daga goshi. Za ki ji Gundruk yana haushi daga sama kafin ki hango ɗanki yana saukowa da ƙafarsa.

Ina yi muku fatan hawa lafiya da sauka lafiya, ke da Khem da mai warin ganyen miya.

Didi