Ƙarfe Nawa Ne "Da Wuri"?

Zuwa ga Mai Girma Babban Manaja na kamfanin jirgin saman da ya tafi Legas ya bar 'yata a ƙasa,

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya, da iyali, da ma'aikata, da jiragen naku baki ɗaya, na sama da na ƙasa masu hutawa. Ban ambaci sunanka ba don ban san shi ba. Ban ambaci sunan kamfanin ba don ba tonon silili na zo yi ba. In ka karanta za ka gane ƙofar gidanka ake ƙwanƙwasawa.

Sunana Ɗanladi. Manomi ne ni a wani ƙauye bayan Ɗanbatta, in rani ya yi kuma ina facin keke a gindin darbejiya. Bokona a aji huɗu na firamare ya tsaya, ba don malamai sun gaji da ni ba, ni ne na riga su gajiya. Saboda haka in ka ga wani harafi ya karkace, ka miƙar da shi da kanka mu ci gaba. Na je ofishinku na birni har sau biyu, kullum sai a ce manaja ya fita. Da na ga fitar ta yi nisa, na ce bari in biyo ka ta jarida.

Ga abin da ya faru. Ina da 'ya, sunanta Rabi, ta gama sakandare da sakamako mai kyau, wanda kowa ya shaida ba wajena ta gado shi ba. Wata ƙungiya mai ɗaukar nauyin 'yan matan karkara su karanta aikin ungozoma ta kira ta ganawa a Legas, ranar wata Litinin da safe, ta ce za ta ba su masauki na daren Lahadi kaɗai. Ranka ya daɗe, a garinmu in naƙuda ta zo wa mace da gardama, a bayan babur ake ɗaukar ta zuwa Ɗanbatta. Kiran nan kuwa ba gidana kaɗai ya faranta wa rai ba. Rabi ba ta taɓa wuce Zariya ba, kuma ko Kano za ta je sai ta riƙe leda saboda amai. Na ce ba zan sa ta a motar dare ita kaɗai ba. In kuma faɗi gaskiya, har da son a ce 'yar Ɗanladi mai faci ta hau jirgi. Na fitar da gyaɗar da na ajiye don iri, na sayar, muka je shagon kwamfuta a Ɗanbatta aka yankar mana tikitinku. Mai shagon ya buga mana shafi ɗaya, don kowane shafi da kuɗinsa. A jiki an rubuta tashi ranar Lahadi, ƙarfe huɗu na yamma.

Na farko, kuma shi ne uwar ƙorafina: na tambaye ku, kun ba ni amsa, amsar ba ta da lamba.

Kada ka ɗauka ban yi bincike ba. Na fara da Alhaji Audu maƙwabcina, shi kaɗai ne a unguwarmu ya taɓa shiga jirgi, lokacin da ya sauke farali. Ya ce in ɗauki tabarma da buta da garin kwaki, don su kwana uku suka yi a sansanin alhazai kafin a kira sunansu. Na koma wajen Garba direba, mai jigilar Ɗanbatta zuwa Kano. Ya yi dariya ya ce, "Haba Ɗanladi, jirgi ai mota ce mai fiffike. Ka taɓa ganin mota ta tashi ba ta cika ba?" Tsakanin kwana ukun Alhaji da maganar Garba akwai tazara, shi ya sa na ce bari in ji daga bakin masu abin. Na hau tudun bayan masallaci, inda nan ne kaɗai waya ke kamawa a garinmu, na kira lambar da ke jikin takardarku. Wata baiwar Allah ta ɗauka, ta fara da Turanci, da ta ji numfashina ta juya Hausa. Na ce, 'yata, ƙarfe nawa za mu iso filin jirgi? Ta ce, "Baba, ku dai zo da wuri." Na ce da wuri kamar yaya? Ta ce, "Da wuri dai, Baba, kada ku makara." Daga nan katina ya ƙare.

To, Yallabai, "da wuri" a wajenmu ba abu ɗaya ba ne. In an ce ɗaurin aure ƙarfe goma, wanda ya zo sha ɗaya saura ya zo da wuri, shi zai taya shimfiɗa tabarmi. In an ce taron rabon takin zamani a sakatariya ƙarfe tara, wanda ya zo da azahar ma ya riga masu rabon. A tasha, muddin ka tarar da motar a tsaye, ka zo da wuri, ko da ƙafarka ɗaya a waje za a tafi da kai. Ni a duk rayuwata ban taɓa isa wuri ana saura rabin awa a fara abu ba, sai ranar jirginku. Na yi abin da ban yi wa ɗaurin aurena ba.

Rabi ta ce mini, "Baba, wata ƙawata ta ce awa biyu ake zuwa kafin lokaci." Na ce ƙawar taki ce mai jirgin? Ni da kamfanin kansa na yi magana. Ka ga inda kuka ajiye ni: da bakinku na rufe bakin yarinyar da ta fi ni gaskiya.

Kuma ka sani, mu ba ma fita daga gida kamar an kori kaza. Yarinya za ta yi tafiya irin wannan, dole ta shiga gida-gida ta yi sallama. Inna, mahaifiyata, ta ce jikarta ba za ta taka ƙofar gida ba sai an yi azahar an shafa addu'a, kuma addu'ar Inna ba ta da gajeriyar hanya, sai ta bi ta kan kakannin kakanni. Da a ce ma'aikaciyarku ta ce mini ƙarfe biyu, da na je na durƙusa gaban Inna na ce ga dokar masu jirgi, da tun hantsi an yi addu'ar. Amma da na ce mata an ce mu zo da wuri, sai ta ce, "To ai da wurin za ku je, wa ya riƙe ku?" Aka yi azahar, muka cika motar Garba da 'yan rakiya, ga ranar kasuwar Ɗanbatta ce, shanu da awaki sun raba titi da mu. Duk da haka muka shiga filin jirgi ƙarfe uku da rabi. Har na juya ina yi wa Rabi tsiya, ina cewa ina awa biyun ƙawar taki, ga shi za mu zauna zaman jira.

Na biyu: jirgin yana nan, na gan shi da idona.

Masu tsaron ƙofa suka tsayar da 'yan rakiya a waje, suka bar ni na shiga da ita saboda furfurata. Muka isa gaban kantar karɓar fasinja, wani saurayi mai ɗamarar wuya ya dubi takardar, ya dubi agogo, ya ce an rufe. Na ce me aka rufe? Ya ce karɓar fasinja, an rufe tun kwata da ya wuce. Na leƙa ta gilashi, ga jirgi can a tsaye da sunanku a jikinsa, ko tari bai fara ba. Na ce ɗana, wancan ba shi ne namu ba? Ya ce shi ne. Na ce kujerar da na saya, an sa wani a kai? Ya ce a'a. Na ce to mota na tasha, kujera ba kowa, fasinja ga ta a tsaye da jakarta, me ya rage? Ya ce kwamfuta ta rufe. Na ce a kira mai makullin kwamfutar. Bai yi dariya ba. Ya juyo mini da allon, ya nuna wasu ƙananan haruffan Turanci kamar kashin ƙuda, ya ce ga dokar nan a shafi na biyu. Na yarda tana nan. Amma wanda ya iya karanta shafi na biyu ai ba zai hau tudu ya ƙona katinsa yana tambayarku ba. Layin wayar nan don irina kuka buɗe shi, kuma irina ya kira.

Na roƙe shi da Allah, na roƙe shi da iyayensa, na cire hulata na riƙe a hannu, abin da ban taɓa yi wa sa'an ɗan da na haifa ba. Na gaya masa ganawar gobe da safe ce. Ya ce, "Baba, ba ni da yadda zan yi." Ban riƙe shi a zuci ba, yaron aike ne. Shi ya sa nake neman wanda ya aiko shi.

Na uku, kuma nan ne abin ya fi ci mini rai: jirgin da kuka ce mun makarar masa bai tashi ƙarfe huɗu ba. Bai tashi biyar ba. Muna zaune a waje kan dakali, mun yi la'asar, mun ci dambun da aka ƙullo wa Rabi na guzuri, aka kira magariba muka yi, sannan muka ji rugugi, muka ɗaga kai muka ga ya wuce ta kanmu da fitilunsa. Garba ya ce, "Ban gaya maka ba? Sai da ya cika." Yallabai, a cikin sa'o'in nan da jirginku ya yi yana shan iska, sau nawa za a iya auna jakar yarinya ɗaya a rubuta sunanta? Mu mun makara da kwata ɗaya, hukuncinmu asarar tikiti. Ku kun makara da kusan awa uku, hukuncinku a ce "a yi haƙuri" ta lasifika. Agogon naku ashe wuyan talaka kaɗai yake kamawa?

Na huɗu, tara. Da na ce a mayar da ita jirgin gobe da asuba, aka ce sai na biya tarar rashin zuwa, da cikon kuɗin sabon tikiti. Rashin zuwa! Ni da ke tsaye a gabansu da gumina, da mota guda ta shaidu a waje. Abin da suka kira ya fi abin da ke aljihun dukanmu in an haɗa. Ƙarshenta motar daren da na guje mata ita ta hau, da kuɗin da Alhaji Audu ya ranta mini. Ta isa Legas Litinin da yamma, ƙafa a kumbure, masu ganawa sun tashi. Wata mata a ofishin ta ji tausayinta, ta ba ta wurin kwana, ta sa sunanta cikin waɗanda za a gani a zagaye na biyu, Litinin ta ƙarshen watan nan. Ta gaya mata a fili cewa babu na uku.

Yanzu Rabi ta dawo gida. Gyaɗa ta tafi, bashin Alhaji na kaina, damina ba ta faɗi ba balle in ce zan sayar da wani abu. Abin da ya rage mini a duniya da zai iya kai yarinyar nan Legas shi ne kujerar da na saya a wajenku ba a zauna ba.

Saboda haka ga roƙona, ba shi da yawa.

Ka sa a mayar da tikitin Rabi zuwa jirgin Lahadi ta ƙarshen watan nan, ba tare da tara ba. Ba kyauta na roƙa ba, na riga na biya. Takardar na wajena, kuma na bar lambar wayata a ofishinku na birni wajen mai karɓar baƙi, in bai yi amfani da ita wajen ƙunshe gyaɗa ba.

Ka hana ma'aikatanka amsa tambayar lokaci da "da wuri". Su faɗi ƙarfe kaza, su faɗi lokacin da ake rufe kanta, su maimaita. A rubuta shi da Hausa, da manyan haruffa, a shafin farko kusa da lokacin tashi, inda ko ɗan aji huɗu zai yi tuntuɓe da shi.

In kuma jirginku ya san ba zai tashi kan lokaci ba, a bar ƙofar karɓar mutane a buɗe gwargwadon jinkirinsa. In za a yi haƙuri, a yi shi ta kowane ɓangare.

Ni dai an riga an sauke ni daga muƙamin mai kula da agogo a gidana, kuma ban ɗaukaka ƙara ba. Wannan karon Rabi ce za ta ce a tashi, ko da tun ranar Asabar ta ce mu tafi mu kwana a dakalinku, ni mai ɗaukar jaka ne. Jakar ma tana nan a ƙulle a bayan ƙofa, ba ta kwance ta ba tun da ta dawo. Ba ta taɓa ce mini laifina ne ba, da ta faɗa ma da na fi samun sauƙi. Kullum da yamma in na dawo daga gindin darbejiya, sai ta kawo mini ruwa ta durƙusa ta ce, "Baba, sun amsa?" Mutanen garinmu za su gaya maka Ɗanladi bai taɓa rasa abin faɗa ba, ko a gidan makoki sai an harare ni. Amma wannan tambayar ta fi ƙarfin bakina. Amsarta tana kan teburinka.

Allah ya ƙara maka lafiya da ɗaukaka, ya tsare jiragenku a sama da ƙasa, ya sauki kowane fasinja gaban iyalinsa lafiya. Allah ya raya maka 'ya'yanka, ya sa kada ranar da za su dube ka da tambaya ka rasa abin ce musu ta zo.

Wassalam.

Naka mai jiran amsa,
Ɗanladi mai facin keke,
daga wani ƙauye bayan Ɗanbatta.