Garken Mu'azzam a Cikin Wadi

Alhamis, 2 ga Janairu

Yau an yi sallar roƙon ruwa a Madina. Mama Fatna, uwar ɗakina, ta dawo tana hawaye, wai shekara uku ba ta ga ruwan kirki ba. Na ce amin ina wanke tukunya.

Mu'azzam ya kira da la'asar. Ƙanena ke nan, ni na samo masa aikin kiwon nan a hanyar Yanbu, kusa da teku. Ya ce ya mayar da garken tumakin cikin wadi, tsakiyar busasshen kwarin, don can ne kawai sauran ciyawa da inuwa. Ba sabis a ƙasan, sai ya hau tudu yake samuna. Ya sake cewa ya gaji, gida yake so. Na ce ya yi haƙuri, kowa ya ci zomo ya ci gudu.

Asabar, 4 ga Janairu

Saƙon gargaɗi ya shigo duk wayoyin gidan. Fahad, ɗan Mama, ya karanta mini da Larabci, uwar ta juya mini da Hausarta mai gargada: "A nisanci wadi, ya Tasallah. Sail, wato ambaliya, ba ya sallama. Ruwa ya sauka a dutse can nesa, ke kina ƙarƙashin rana, sai ki ga ya zo da raƙuma a kai."

Gabana ya faɗi. A garinmu sai ka ga hadari ya haɗu kafin ka kwashe shanya. Mu'azzam abin da ya sani ke nan.

Lahadi, 5 ga Janairu

Na gaya masa. Dariya ya yi. "Yaya, sama fes take a nan. In na ga hadari zan kora su." Yaron nan taurin kan Baba ya kwaso kaf. Kafil ɗinsa kuma, wato maigidansa mai tumakin, ba ya ɗaga waya.

Litinin, 6 ga Janairu

Dole in rubuta abin da ya faru yau.

Tun safe ake sheƙa ruwa. Titinmu na Aƙiƙ ya zama kogi, ga mutanen gida sun ɗura shayi a fulas za su kallon sail, murna kamar sallah. Ni kuwa ina leƙen duwatsun yamma, sun yi baƙi ƙirin.

Ya kira daga tudun. Wai ko ɗigo babu a wajensu, zai sauka ya ba tumakin ruwa. Na san in na ce kada ya sauka, sauka zai yi. Sai na ja shi da faɗa. Na tono zancen yarinyar da yake so a gida, na ce ba ta da kunya, na haɗa da uwarta, baiwar Allah da ba ta taɓa yi mini komai ba. Ya hau, na hau. In ya ce zai kashe, in ƙara wata. Allah Ya yafe mini ƙaryar da na zuba yau.

Can sai na ji wani ruri a wayar kamar tirela na tahowa.

"Yaya, ƙofar garken a ɗaure take."

Na ce Mu'azzam, don girman Allah, tumaki ne! Wayar ta mutu.

Talata, 7 ga Janairu

Wayarsa ba ta shiga.

Laraba, 8 ga Janairu

Fahad ya kai rahoto, an ce hanya ta yanke. Na ƙona shinkafa, Mama ta karɓi ludayin ta zaunar da ni. Inna ta kira daga gida sau biyu, na kasa ɗauka. In ce mata me? Tsoro nake ji, tsoron da ban taɓa ji ba, ko ranar da na hau jirgi.

Alhamis, 9 ga Janairu

Yana raye. Alhamdu lillahi, yana raye.

Wani direba ɗan Sudan ya kira da wayarsa daga asibitin Yanbu. Ashe Mu'azzam ya sauka ɗin, ya yanke igiyar ƙofa, rabin tumakin suka haye. Ruwa ya maka shi da bishiya, a kanta ya maƙale har aka zo. Ƙafa ta karye.

Da aka ba shi wayar, na shirya kuka. Abin da ya fara cewa: "Da ba ki tsare ni da surutu ba, da duka na fitar." Na ce eh, laifina ne. Na yarda ya yi ta jin haushina har tsufansa.

Asabar, 11 ga Janairu

Kafil ya bayyana. Wai ba komai, ƙaddara ce, ƙafa na warkewa ya koma bakin aiki, za a ƙaro tumaki. Mu'azzam ya ce to.

Da yamma na kira Inna. Na ce ya ɗan ji ciwo a ƙafa, da sauƙi. Ta tambayi yaushe zai koma wajen dabbobin. Sai na ji bakina ya ce, "Inna, a share masa ɗakinsa."

Ban gaya masa ba tukuna.