Firjin Inna Ya Daina Jan Mutane

Birnin Gwari

Yaya Sa'adatu,

Assalamu alaikum. Ina fatan kina lafiya. Ya maigidan, ya yara, ya aiki?

Kin san firjin Inna ya daɗe yana jan mutane. Mu masu digiri, iyakar dabararmu mu naɗe hannu da tsumma. Ranar Talata Inna ta taɓa shi da danshin alwala, wuta ta yar da ita. Alhamdu lillahi, ba ta ji ciwo ba.

Muka kira Malam Yohanna mai gyaran wuta. Ya leƙa silin ya ce, "Inna, ɓeraye sun cinye rigar wayoyinki kaf."

Kawu Sule ya ce a naɗa salatif kawai.

"To Alhaji, nemi wani," in ji Yohanna, ya ɗauki jakarsa. Inna ce ta dawo da shi.

Kwana uku yana sauya wayoyi. Ya kafa sandar tagulla a ƙasa, ya zuba gishiri da gawayi, don wutar da ta ɓalle ta bi can. Da ya gama, ya jiƙa hannunsa, ya dafa firjin, ya daɗe a haka. Sannan ya ce, "Inna, bismillah."

Ki sa Inna a addu'a. A gaida su Ummi.

Ƙanwarki,
Hadiza