Feshin Bulus a Bakin Rafi

Laraba da dare, tsakiyar damina, Keffi

Na dawo daga gonarmu ta Agwada raina a ɓace. Ƙanena Bulus ya yi feshin maganin ƙwari. Bai tsaya kan masara ba, har ciyayin bakin rafi da Baba ya hana mu taɓawa tun muna yara. Nan ne malam-buɗe-littafi ke taruwa kan danshin laka, farare da masu ruwan ɗorawa da manyan baƙaƙen nan masu ɗigon shuɗi. Yau na tarar da su zube a ƙasa, tururuwa na ja.

Na ce, "Bulus, me suka yi maka?"

Ya ce, "Yaya, ba daga tsutsa suke fitowa ba? Tsutsar ce ke cinye mana ganye. Ke kina aji da alli, mu ke fama da fartanya."

Maganar ta yi min zafi, don da ƙamshin gaskiya a ciki. Amma tsutsar masara daban, waɗannan daban. Su da ƙudan zuma ke kai garin fure daga wannan fure zuwa wancan, shuka ta yi 'ya'ya. Shekara nawa ina koya wa 'ya'yan mutane haka, ɗan'uwana na ciki ɗaya na kasa ganar da shi.

Na tsinto guda cikin matattun malam-buɗe-littafin na zo da shi gida. Da muna ƙanana, ni da Bulus ɗin nan mukan bi su muna roƙo, "Malam, buɗe mana littafi." Wannan kam na yi ta lallaɓa fikafikansa, ya ƙi buɗewa.