Motar da ke buƙatar ƙafa biyu

Assalamu alaikum mai wannan shafi da masu karatu. Don Allah a ɓoye sunana, kuma kada ku yanke min hukunci sai kun kai ƙarshe. In kun kai, ku faɗi duk abin da ya zo bakinku.

Ni direba ne, ina zaune a Rano. Mu biyu ne wurin mahaifiyarmu, ni da yayana, wanda ke gidanmu na gado a wani ƙauye bayan Kahu. Shi ne mai gona, shi ne mai injin niƙa, shi ne mai magana a dangi. Tun ina karen mota ya raɗa min suna ɗan tasha, har na yi aure bai daina ba. Ranar sunan ɗana na fari, a gaban surukaina, ya ce, “Kai ɗan tasha, tashi ka kawo wa mutane ruwa.” Aka yi dariya, ni ma na yi, amma na ajiye ta a raina.

Sai ciwon suga ya ci masa ƙafar hagu, aka yanke ta daga gwiwa. Da ya warke ya aika na zo. Ya ce, “Auta, ka je Kwatano ka samo min ƙaramar jif mai tsayi wadda za ta iya hanyarmu da damina. Mai shan gas nake so, tunda ga duro muna ajiyewa saboda inji. Kuma otomatik, an ce ƙafa ɗaya ta ishe ta.” Gaskiya ne. Otomatik ba ta da kuloci, manuwal kuwa sai da ƙafar hagu, wadda ba shi da ita.

Ba zan ɓoye ba, ƙananan jif masu gas yawancinsu manuwal ne, na sha yawo a rana. Amma na samu. Guda biyu a jere wurin dillali ɗaya, ƙira ɗaya, ɗaya manuwal ɗaya otomatik. Na shiga otomatik ɗin na zaga da ita, lafiyarta ƙalau. Kun san me na hango? Yaya ya wuce ni a tasha, hannu a waje, ba ya neman kowa. Mutumin da Allah ya karya min, ni zan sake miƙar da shi da hannuna? Na ɗauko waya.

“Yaya, ƙarama mai gas babu otomatik. Turawa ba sa yi.”

“To mai fetur fa?”

“Akwai, amma motar matan ma'aikata ce. Taɓon Kahu ɗaya zai zaunar da ita.”

Na san halin kayana, ba zai yarda a ce ya shiga motar mata ba. Sai ya ce, “Kawo mai gas ɗin. Ai ga ka, ka dinga ja na.”

Wallahi na ji daɗi, kuma daɗin bai tsaya a rana ɗaya ba. Mota tana ƙofar gidansa, makulli yana aljihunsa, amma sai na ga dama ta motsa. In ya kira sai in bar wayar ta yi ta kuka, in gama abin da nake yi, in hau babur ɗina a tsanake. Ranar Juma'a da gangan nake ajiye mota nesa da masallaci, in tsaya ina kallonsa yana dogara sanda cikin mutane, gumi na zuba. Na taɓa barin sa cikin mota a rana a kasuwar Rano na tafi aski. Mutumin da ke yi min tsawa ya koma “Auta, in ka samu dama.” Matarsa kuwa, Yaya Habi, kullum sai ta dama min fura ta ce, “Allah ya bar zumunci, kai ne ƙafarsa.” Na sha furar, ko ƙwarewa ban taɓa yi ba.

Ranar da abin ya faru ranar kasuwar Rano ce, an yi ruwa da safe. Bayan azahar ina majalisa waya ta fara kuka. Na kife ta. Abokina ya ce, “Ba ka ɗauka?” Na ce, “Mai ƙafa ɗaya ne, ina za shi?” Muka tuntsire da dariya. Ashe Yaya Habi, da tsohon cikinta, santsi ya kwashe ta a bakin rijiya, jini ya ɓalle. Maza duk sun tafi kasuwa, babu wanda ya iya mota a waɗanda suka rage. Mata suka ɗauke ta suka sa a kujerar baya. Yaya ya shiga ya tayar, ƙafar dama a kan totur, yana danna kuloci da sandarsa. Sandar ta zame, mota ta yi tsalle ta mutu. Ya sake, ta sake mutuwa. Haka ya yi ta yi, yana kira na, yana dukan sitiyari, har batir ya ƙare. Daga ƙarshe wani maƙwabci Bafulatani ya ɗaura shanu a amalanke. Kafin su kai titi ta cika, ita da abin da ke cikinta.

Ga abin da ke ci na. Yaya ɗan koyo ne, babur ya saba da shi. Ni kuwa na san mota mai gas, in ka taka kuloci da ƙafar dama ka sa giya ɗaya ka saki a hankali, da kanta za ta yi ta rarrafe ko ba ka taɓa totur ba. Ban taɓa nuna masa ba, don kada ya daina nema na. Da na ɗauki wayar nan, magana ɗaya ce. Wane irin mutum ne ni?

Na ce masa waya tana wurin caji, ya yarda. A zaman makoki duk wanda ya zo gaisuwa sai Yaya ya ce masa, “Taurin kaina ne. Yaron nan ya gaya min mai gas ba ta da otomatik, na nace.” Malamai sun yi ta ce masa ƙaddara ce, ba ya ji. Ya bar cin abinci, ya bar shan maganinsa, sugan ya tashi, yanzu ɗan yatsan ɗaya ƙafar ya fara baƙi. Ya ɗauka shi ya kashe ta, kuma ina kallo tunanin yana cinye shi. In na faɗi gaskiya wataƙila ya sauke wannan kayan ya rayu, amma ni na gama yawo a dangi, kuma ban san ko zuciyarsa za ta ɗauka ba. In na yi shiru, na kashe na uku.

Jiya na kai shi asibiti a wanke masa yatsan. A hanyar dawowa ya daɗe yana kallon ƙafata a kan kuloci, sannan ya ce, “Auta, in ka sake zuwa Kwatano ka tambaya min, ko yanzu sun fara yin mai gas otomatik. Kada wani ya shiga abin da na shiga.”

Na ce to.

Jama'a, don girman Allah, me zan yi?