Kwikwiyonka Ya Miƙe

Yaya Sani,

Gaisuwa mai yawa. Ya Tibati, ya iyali, ya kasuwar kifi? Mu nan Garwa lafiya lau.

Kwikwiyon da ka bari ya yi fama da amai da gudawar jini, likitan dabbobi ya ce cutar karnuka ce da ake kira parbo. Ni na yi jinyarsa, ina ɗura masa ruwan shinkafa da cokali, ina sauya zani kafin kowace salla. Jiya ya miƙe. Na kira shi, ko kallona bai yi ba, ya wuce ya kwanta kan tsofaffin takalmanka. Wallahi abin ya ci mini rai.

Ka gaida yara, a sa mu a addu'a. In ya sake kwanciya, takalman su yi jinyarsa.

Ƙanwarka,
Hadiza